Abin da Igiya Ta Riƙe

Ni ne mai ƙulla tarihi a daular Ampuru.
Ba mu da alƙalami a nan, ba mu da tawada,
abin da ya faru mukan ɗaure shi a igiya.

Ga ƙullin farko, ƙarami, na busasshiyar ciyawa.
An haife shi a bukkar dutse a saman Urumak,
inda kogi ke ruri can ƙasan kwazazzabo
har jariri ya saba barci cikin tsawa.
Ubansa masaƙin gada, uwarsa
mai shanya dankali a kan ƙanƙarar dare.
Ayko sunansa. Yatsunsa sun san tufka
tun ƙafarsa ba ta san tafiya.

Na biyu ja ne, da jinin raƙumin tsauni na rina shi.
Shekarar da tsohon sarki ya mutu ba magaji,
manya bakwai suka ja daga, kowa da tsauninsa,
kowa ya toshe mashiga yana cika baki.
Ayko ba shi da mashi. Samari arba'in gare shi
da ciyawar damina guda.
Dare uku suka rataya gada inda mikiya kaɗai ke bi,
gari ya waye, sai ga shi a tsakiya.

Daga nan ƙulli ya yawaita har yatsuna suka yi kanta.
Gada ɗari uku da sha ɗaya!
Masarar kwari ta hau, gishirin tudu ya sauka,
tsohuwar da rabonta da ɗanta shekara talatin
ta haye da sanda, tana zagin iska tana dariya.
Suka kira shi Sarkin Sarakuna, ya sa rigar gashin tsuntsu.
Amma in jakada na jawabi, ni na gani,
hannunsa na ƙarƙashi yana murza zaren gefen riga
kamar yaron da ya manta an ba shi duniya.

Wannan baƙin, taɓa shi a hankali.
Ƙaninsa ne, Wamanku, wanda ya riƙe masa bakin zare
a daren farko. An ce yana tara mutane a kudu.
An ce. Wanda ya ce ɗin bai bar suna ba.
Sarki ya aika: zo mu ci sabuwar masara.
Ya taho da mutum tara da tulun zuma.
Suna tsakar gadar Urumak, inda uba ya koya musu saƙa,
sarki ya ɗaga yatsa.
Wuƙa biyu sun isa.
Kogi bai ƙara ruri ba, bai rage ba.
Tulun kaɗai aka tsinta, ko tsagewa bai yi ba,
kwana shida a baya.

Washegari ya ce mini, ƙulla cewa iska ce.
Na ƙulla iska.
Da dare na ɗaura wannan, na kwana da shi a hammata
shekara ashirin da biyu, yana cizo kamar ƙaya.

Bayan haka dakarunsa sun ci ƙasa shida, har bakin teku,
shi bai ga ko ɗaya ba.
In ya iso bakin gada sai gwiwa ta ƙi,
masu ɗaukarsa su juya, kowa ido a ƙasa.
Aka kawo masa teku a kasko, ya ɗanɗana, ya tofar.
Mai gada ɗari uku ya tsufa a tsauni guda,
ɗaurarre, ba turke, ba igiya.

Daren ƙarshe bai nemi boka ba, bai nemi magaji ba.
Ciyawa ya ce a kawo.
Ya yi ta murzawa da yatsu masu rawa
har ta kai tsawon kamu ɗaya da rabi,
ya miƙo mini: za ta ɗauki mutum goma?
Na saba yi masa ƙarya, amma na gaji.
Na ce, ranka ya daɗe, ko kyanwa ba za ta ɗauka ba.
Ya ce, to ƙaro ciyawa.
Kafin in dawo ya riga ni fita.

An rufe shi da zinariya mai nauyin raƙuma huɗu.
Guntuwar tana nan, ita na ɗaura ƙarshe.
In za ka kudu, ɗauki guzurin kwana uku:
har yau ba a mayar da gadar Urumak ba,
sai an zagaya.